Duniya a Jakar Goyo: Tarihin Rediyon Gajeren Zango da Darasinsa ga Mai Saye

Jakar goyo ba ta da kara. Abin da matafiyi ya cusa mata da safe cikin fara'a, kafaɗarsa ce za ta biya kuɗinsa da la'asar. Shi ya sa masu tafiyar ƙasa ta kwanaki, ko masu hawan tsaunukan Mambila ne ko masu ratsa duwatsun Azbin, suke auna kowane kaya kafin su ɗauka. Ruwa dole, abinci dole, magani dole, saura kuwa sai ya kare kansa. Cikin kayan da ake jayayya a kansu akwai ƙaramin rediyo mai kama gajeren zango. Wasu na ganin wayar hannu ta riga ta yi masa jana'iza. Wasu kuma sun san cewa da zarar an yi nisa da ƙarfen sabis, waya ta koma tocila da agogo.

Mai neman irin wannan rediyo a yau zai yi tambayoyi kamar shida: nawa ne nauyinsa, wane batir yake ci, yaya ake nemo tasha a cikinsa, yana iya raba tashoshi biyu masu maƙwabtaka, wace eriya yake buƙata, kuma wa ya rage yana magana a wannan zango. Kowace tambaya a cikinsu tana da tarihinta. An shafe fiye da shekara ɗari ana amsa su ɗaya bayan ɗaya, a ɗakunan bincike na Amurka da Japan, a wata tashar rediyo ta Lusaka, da masana'antun Afirka ta Kudu da na Sin. Wanda ya san yadda aka amsa su, da wuya kwali mai ƙyalli ya ruɗe shi a kasuwa.

Zangon da aka raina

Guglielmo Marconi ya ba da sanarwar cewa ranar 12 ga Disamba 1901 ya ji alamar da aka aiko daga Poldhu a Ingila, alhali yana tsaye a Newfoundland, a ɗaya gefen tekun Atlantika. Masana suka shiga ruɗani. Igiyar rediyo miƙe take tafiya, ƙasa kuwa ƙwallo ce, to ta yaya saƙo ya bi lanƙwasar duniya? A 1902 mutum biyu, Oliver Heaviside a Ingila da Arthur Kennelly a Amurka, kowa a nasa ɓangaren, suka yi hasashen cewa can sama akwai wani rufi na iska mai ɗauke da lantarki wanda yake mayar da igiyar ƙasa kamar yadda madubi yake mayar da haske. Sai a Disamba 1924 Edward Appleton ya tabbatar da wannan rufi ta hanyar gwaji da na'urar watsa shirye-shirye ta BBC da ke Bournemouth, aikin da ya kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 1947. Wannan rufi shi ne ake kira ayonosfiya.

Kafin a kai ga wannan fahimta, gwamnatoci da manyan kamfanoni sun yi imani cewa nisa yana ga dogon zango. Suka gina tashoshi masu hasumiyoyi kamar na babban masallaci, masu shan wuta kamar gari guda. Bayan nutsewar jirgin ruwan Titanic a Afrilu 1912, Amurka ta yi dokar da ta kori 'yan sha'awa, wato masu haɗa na'urori a ɗakunansu, daga zangon da ake ganin yana da amfani. Aka tura su zuwa mita 200 da abin da ya gaza haka, wurin da ake ɗauka juji ne.

Ashe dukiyar tana cikin jujin. A Nuwamba 1923, Léon Deloy daga birnin Nice na Faransa da Fred Schnell daga jihar Connecticut ta Amurka suka yi musayar saƙo ta kan tekun Atlantika a wajen mita 110, da ƙarfin wuta ɗan kaɗan idan aka gwada da na manyan tashoshi. A daidai wannan lokaci Marconi ma yana gwaje-gwaje a jirgin ruwansa mai suna Elettra, ya kuma kai ga sakamako iri ɗaya. Gajeriyar igiya tana tashi sama, ta bugi ayonosfiya, ta dawo ƙasa a nisan da zai iya kai kilomita dubu uku ko huɗu, ta sake tashi, ta sake dawowa.

Wannan rufi ba ya zama a hali guda, domin rana ce take gina shi. Da rana, wani sashe nasa na ƙasa yana shanye ƙananan lambobi, don haka manyan lambobi ne suke tafiya nesa. Da dare wannan sashe yana bajewa, sai ƙananan lambobi su samu hanya. Ga kuma zagayen shekara goma sha ɗaya na tabon rana, wanda yake ƙara wa rufin ƙarfi ko ya rage masa. Dalilin ke nan da ya sa tasha guda take magana a mita 16 ko 19 da rana, ta koma mita 31, 41 ko 49 da dare. Lissafin mai sauƙi ne: a raba 300 da lambar megahaz, a samu mita. Megahaz 6 ta ba da kusan mita 49, megahaz 15 da rabi ta ba da mita 19.

Dauloli sun gano hanya

Waɗanda suka fara cin moriyar wannan ilimi su ne ƙasashe masu mallakar ƙasashe a nesa. A 1927 kamfanin Philips ya fara watsa shirye-shirye daga Eindhoven ta ƙasar Holan zuwa tsibiran da suka zama Indonesiya, har Sarauniya Wilhelmina ta yi wa talakawanta na can jawabi a wannan shekara. Rediyon Masko ya soma shirye-shiryen ƙetare a 1929, Fadar Paparoma ta buɗe tasharta a 1931, BBC kuma ta buɗe sashenta na daular Birtaniya daga Daventry ranar 19 ga Disamba 1932. Kwana shida bayan haka Sarki George na Biyar ya yi jawabin Kirsimeti da aka ji a nahiyoyi da dama a lokaci guda.

Ba a daɗe ba sai abin ya zama fagen yaƙin baki. Italiya ta Mussolini ta fara magana da Larabawa daga Bari a 1934, Birtaniya ta mayar da martani da sashen Larabci na BBC a Janairu 1938, wanda shi ne harshen waje na farko da ta yi amfani da shi. Muryar Amurka ta fara a Fabrairu 1942, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu.

A ƙasar Hausa rediyo ya shigo ne da igiya a wuyansa. Abin da Turawan mulkin mallaka suka kafa a Kano a 1944 tsari ne na karɓo shiri a tasha guda, a rarraba shi ta waya zuwa akwatuna a gidaje da wuraren taruwar jama'a. Mai akwatin yana iya ƙara murya ko ya rage, amma ba ya iya sauya tasha. Hukuma ce take zaɓar abin da za a ji. Gajeren zango ne ya tsinke wannan igiya. Ranar 13 ga Maris 1957 BBC ta fara shiri da Hausa na minti goma sha biyar, da muryar Aminu Abdullahi Malumfashi. Rediyon Jamus da na Sin suka biyo baya a 1963, Muryar Amurka a 1979, Rediyon Faransa a 2007. A gida kuma, Rediyon Kaduna da aka kafa a 1962 ya yi shekaru yana kai wa Hausawan Ghana, Kamaru, Chadi da Sudan gaisuwa da labarai ta gajeren zango. Daga 1966 tashar BBC da ke tsibirin Ascension a tsakiyar Atlantika ta riƙa harbo shirye-shirye kai tsaye zuwa Afirka ta Yamma, Jamus kuma tana da tata a Kigali. Kunnen Bahaushe ya zama abin da manyan ƙasashen duniya suke zawarci.

Daga jirgin ruwan attajiri zuwa tukunyar Lusaka

Magana ta cika sararin sama, amma akwatin kama ta yana nan da girman kabad. Rediyon wancan zamani yana aiki ne da ƙwayaye na gilashi masu kama da ƙwan lantarki, masu zafi, masu saurin fashewa, masu buƙatar wuta mai ƙarfi. Shugaban kamfanin Zenith na birnin Chicago, Eugene McDonald, mai sha'awar yawo ne a jirgin ruwa, ya kuma so akwatin da zai riƙa ba shi labarai da hasashen yanayi a kan ruwa. Daga wannan buƙata aka ƙera Trans-Oceanic, wanda ya fito a farkon 1942. Yana da mariƙi kamar na akwatin tufafi, ana kuma kiran sa na tafi-da-gidanka, amma nauyin ire-irensa da batir ya doshi kilo goma. Rediyo ne na mai jirgi ko mai mota. Mai tafiya a ƙafa ba shi da rabo a cikinsa.

Amsar talaka ta fito daga Afirka. A Lusaka, babban birnin Zambiya ta yau, wani jami'in watsa labarai na mulkin mallaka mai suna Harry Franklin yana da tasha mai magana da harsunan ƙasa, amma mutanen da ake yi dominsu ba su da abin saurare. Ya yi ta bin kamfanonin Birtaniya har kamfanin batir na Ever Ready ya yarda ya ƙera masa rediyon gajeren zango mai arha. A 1949 aka fito da shi cikin gwangwanin alminiyam mai siffar tukunyar miya, shi ya sa ya yi suna da Saucepan Special. An toshe ramukansa da raga don kada ƙwari su shiga, aka sayar da shi fam biyar, batirinsa kuma daban. Ya bazu a ƙauyukan tsakiyar Afirka da wasu ƙasashe da dama.

Akwai hikimar kasuwanci a nan da ta kamata mai saye ya riƙe. Kamfanin batir ne ya ƙera rediyon, domin ya san rediyo sau ɗaya ake saye, batir kuwa har abada. Tun daga wannan lokaci, kuɗin da ke rubuce a jikin akwati rabin labari ne kawai.

Transista da matsalar allura

A Disamba 1947, John Bardeen da Walter Brattain, a ƙarƙashin rukunin William Shockley a ɗakin binciken kamfanin Bell na Amurka, suka ƙirƙiro transista. Ƙanƙanin abu ne mai yin aikin ƙwan gilashi ba tare da zafi ko yawan cin wuta ba. Rediyon transista na farko da aka sayar, Regency TR-1, ya fito a 1954 a kan dala 49.95. Wani ƙaramin kamfanin Japan da daga baya ya zama Sony ya fito da nasa a 1955. Zenith ta mayar da Trans-Oceanic na transista a 1957. Cikin shekarun 1960, daidai lokacin da ƙasashen Afirka suke karɓar mulkin kai, rediyon batir ya isa hannun mai shayi, direban babbar mota da makiyayi. Makiyayin da ya rataya rediyo a kafaɗa tare da sanda da gora ya riga 'yan yawon buɗe ido na Turai sanin abin da ake nufi da rediyon tafiya: mara nauyi, mai jure ƙura, mai cin batirin da ake samu a kowace kasuwar ƙauye.

Nauyi ya ragu, wata matsala ta rage. A fuskar rediyon akwai allura, a bayanta kuma an cusa tashoshi ashirin a tazarar da ba ta fi faɗin farce ba. Mai saurare yana murɗawa a hankali kamar mai zare ƙaya, ya samu tasha, bayan minti goma ta sulale, domin ɗumin na'ura ko raunin batir ya gusar da ita. Ƙananan akwatuna masu arha kuma suna jiyar da tasha guda a wurare biyu, ɗaya na gaske ɗaya inuwa, inuwar kuma ta faɗa kan wata tasha.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka magance wannan ɗan Afirka ta Kudu ne, Trevor Wadley, haifaffen Durban. Ya ƙirƙiro dabarar da take soke gusawar da kanta, aka fara amfani da ita a manyan na'urorin sojoji da na hukuma a shekarun 1950. A farkon shekarun 1970 aka sa ta a rediyon hannu mai suna Barlow Wadley XCR-30, wanda aka ƙera a Afirka ta Kudu, ya kuma samu karɓuwa a wurin masu saurare a duniya.

Babban juyi ya zo a 1980, lokacin da Sony ta fito da ICF-2001. Maimakon allura sai madannai kamar na kalkuleta. Mai saurare ya danna 15400, tasha ta fito, ta kuma tsaya inda take. Aibinsa shi ne cin batir ba ƙaƙƙautawa. Magajinsa na 1985, ICF-2010, ya zo da wata dabara mai rage dusashewar murya da kutsen tashar maƙwabta, aka kuma ci gaba da ƙera shi kusan shekara goma sha takwas. A 1994 aka kai ƙarshen tseren ƙanƙanta da ICF-SW100, mai girman kaset, mai nauyin da bai kai rubu'in kilo ba, wanda ake buɗewa kamar littafi. Na farkonsa sun yi ƙaurin suna da tsinkewar siririyar wayar da ta ratsa mahaɗin murfinsa. Darasin a fili yake: a cikin jaka, duk abin da yake lanƙwasawa ko naɗewa shi ne yake fara mutuwa.

Daga ƙarshen shekarun 2000 sai aka mayar da kusan dukan aikin rediyo cikin ƙwayar lantarki guda mai sarrafa sauti da lissafi, irin wadda kamfanin Silicon Labs na jihar Texas yake yi. Kamfanonin Sin irin su Tecsun suka ɗora ta a ƙananan akwatuna, farashi ya faɗi. Abin da a 1985 sai mai hali, yau yana cikin ikon malamin makaranta.

Batir, da mutumin da ya tuna da agogo

A 1991 wani Bature mai ƙirƙire-ƙirƙire, Trevor Baylis, ya kalli wani shirin talabijin a kan yaɗuwar cutar ƙanjamau a Afirka, inda aka ce rediyo ne hanyar wayar da kan jama'a amma tsadar batir ta hana mutane saurare. Ya ɗauki dabara irin ta agogon da ake yi wa wani, ya haɗa rediyon da ake murɗawa da hannu, ƙarfen da ya naɗe ya riƙa warwarewa a hankali yana juya ƙaramin janareto. A tsakiyar shekarun 1990 aka fara ƙera shi a birnin Cape Town. Ƙungiyoyin agaji suka rarraba shi a ƙauyuka da sansanonin 'yan gudun hijira.

Rediyon murɗawa da na sola da suke cike da kasuwa yau jikokinsa ne. Suna da amfani a gida idan wuta ta ɗauke, sai dai yawancinsu an fi kashe kuɗi a kan tocila da mariƙin murɗawa fiye da sashen gajeren zango, wanda yakan zama na jeka-na-yi-ka. Ga matafiyi, tsohuwar dokar makiyayi ta fi ƙarfi. Batirin AA guda biyu ko uku ana samun su a teburin kowane mai tireda. Batirin caji kuwa yana da sauƙin nauyi da daɗewa, amma yana mayar da mai shi ga neman wurin caji, abin da tun farko ya gudo ya bari.

Wa ya rage a kan iska?

Shekarar 1991 ta nuna ƙimar ƙaramin rediyo fiye da kowace talla. A watan Agusta, lokacin da masu yunƙurin juyin mulki suka tsare Mikhail Gorbachev a gidan hutunsa na Foros a yankin Kirimiya suka yanke masa wayoyi, ya bayyana daga baya cewa ta rediyo ya riƙa jin abin da ke faruwa a ƙasarsa, daga BBC, Radio Liberty da Muryar Amurka. Tashoshin da gwamnatinsa ta shafe shekaru tana toshewa su ne suka zama idonsa. A wannan shekara kuma Terry Waite, wanda aka yi garkuwa da shi kusan shekara biyar a Beirut, ya fito yana godiya ga shirye-shiryen BBC da ya samu damar saurare a ƙarshen tsarewarsa.

Yaƙin cacar baka yana ƙarewa, gwamnatoci suka fara duba kuɗin wutar da manyan tashoshi suke sha. BBC ta daina harba gajeren zango zuwa Amurka ta Arewa da Ostareliya a 2001, zuwa Turai a 2008. Kanada ta rufe nata a 2012, Jamus ta rufe tashar Kigali a 2015, Ostareliya ta yi shiru a ƙarshen Janairu 2017. A Maris 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da aikin Muryar Amurka, masu jiran sashen Hausa suka murɗa suka ji wayam. Hujjar kullum guda ce: jama'a sun koma intanet da FM.

Hujjar tana da gaskiya a ranar zaman lafiya. Amma FM tana buƙatar izinin gwamnatin ƙasar da take ciki, intanet kuma tana buƙatar waya a ƙarƙashin teku da ƙarfen sabis a kan tudu, dukansu kuwa ana iya kashe su da takarda guda ko hatsari guda. A Satumba 2021 aka rufe layukan waya a jihar Zamfara da sassan jihohin maƙwabta na tsawon makonni saboda yaƙi da 'yan bindiga. A Janairu 2022 aman dutse ya tsinke wayar intanet ɗaya tilo da ta haɗa tsibirin Tonga da duniya. A Maris 2022, bayan Rasha ta afka wa Yukren, BBC ta dawo da gajeren zango na awa huɗu a kullum zuwa yankin. A Mayu 2023, 'yan watanni bayan ta rufe rediyonta na Larabci, ta buɗe shirin gaggawa domin mutanen Sudan. A Nijar, sojojin da suka karɓi mulki sun dakatar da Rediyon Faransa a Agusta 2023, suka dakatar da BBC na wata uku a Disamba 2024. Irin wannan umarni yana iya rufe tashar FM a Yamai ko Maraɗi, amma ba ya kai wa ga igiyar da ta faɗo daga sama. Rediyo kuma ba ya barin sawu: babu rajista, babu lambar waya, babu wanda ya san abin da mai shi ya saurara.

Abin da mai saye zai duba

Idan aka tattara wannan tarihi, shawarar ba ta da tsawo.

Na farko, lambobi sun fi allura. Akwatunan Kchibo da ire-irensu da suka cika kasuwanninmu sun yi wa miliyoyin mutane hidima, suna kuma kama manyan tashoshi masu ƙarfi. Amma a lura, yawan "band" da aka rubuta a kwali ba ma'aunin inganci ba ne, domin gunduwa-gunduwa ce aka yi wa zango guda. Wasu kuma suna da allon lambobi alhali cikinsu tsohon tsarin allura ne mai gusawa. Abin nema shi ne rediyon da ake danna masa lamba ya tafi kai tsaye, ya kuma adana ta.

Na biyu, ya kama zangon ba tare da giɓi ba, aƙalla daga mita 49 zuwa mita 16, in da hali har 13. Wanda ya tsaya a ƙasa da haka zai yi shiru da rana, lokacin da tashoshi suke hawa manyan lambobi.

Na uku, ya kasance yana da maɓallin ƙuntata faɗin abin da yake kamawa. Tazarar da ke tsakanin tashoshin gajeren zango kilohaz 5 ce kawai, kuma da dare sukan hau kan juna. Akwai kuma tsarin da ake kira SSB, wanda 'yan sha'awa, jiragen ruwa da na sama suke magana da shi. Mai son labarai kaɗai ba ya buƙatarsa, kada ya biya kuɗinsa.

Na huɗu, nauyi. Tsakanin giram 200 zuwa 300 akwai akwatuna masu kyau. A duba maɓallin kulle, domin rediyon da ya kunna kansa a cikin jaka zai iso masauki da mataccen batir. A sa shi a leda mai rufewa saboda ƙura da ruwa, a kuma tafi da abin saurare na kunne, wanda ya fi lasifika tattalin wuta nesa ba kusa ba.

Na biyar, eriya. Siririyar waya mai tsawon mita biyar zuwa bakwai, a maƙala ta a eriyar rediyon a rataya ɗaya bakin a reshen bishiya, takan yi abin da ƙarin kuɗi masu yawa ba za su yi ba. Kada a wuce gona da iri, domin waya mai tsawo sosai tana cika ƙaramin rediyo da hayaniya, kuma a sauke ta da zarar hadari ya taso. A nan daji ya fi birni. Ƙugin da ke damun mai saurare a Kano ko Abuja yawanci daga inbata, cajar waya da ƙwayayen lantarki na zamani yake fitowa. A kan tsauni babu ko ɗaya, sai rediyon da aka raina a gida ya riƙa kamo tashoshin da mai shi bai san da su ba.

Na shida, a rubuta jadawalin tashoshi a takarda kafin a tashi. Tashoshin duniya suna sauya mitocinsu sau biyu a shekara, a ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba, suna kuma rubuta lokaci da agogon GMT, wanda Najeriya da Nijar suke gaba da shi da awa guda.

Abu na ƙarshe ya fi sauran muhimmanci. Wannan akwati kunne ne kawai, ba shi da baki. Zai gaya wa matafiyi cewa an yi juyin mulki, an rufe iyaka ko ambaliya ta cinye hanya, amma ba zai kira masa taimako ba idan ya karye a cikin kwazazzabo. Don haka bai ɗauke wa kowa wajibcin neman ɗan jagora na gari ba, da shaida wa wani hanyar da za a bi da ranar da ake sa ran dawowa. Wanda ya yi waɗannan, sannan ya ƙara giram 250 na rediyo da 'yar waya a jakarsa, ya ɗauki nauyin da kafaɗa ba za ta yi ƙorafi a kansa ba.